Babi na Shida: Wace Ayisi Ce Ta Dace da Batirinka?

Duk wanda ya fara koyon gyaran rediyo da amfilifaya, ba ya daɗewa sai ya yi wa maigidansa tambayar nan: "Maigida, a cikin ƙananan ayisin nan masu ƙafa takwas, wace ce ta fi fitar da murya garau?" Amsar da aka saba bayarwa ita ce NE5532. Daga nan sai yaro ya samu wata lasifikar hannu ta mai tallar magani, ya ciro ayisin da ke ciki, ya liƙa NE5532 da dalma yana jiran yabo. Ana kunnawa sai murya ta fito a shaƙe, ko ma ta ɗauke ɗungurungum. To, me ya faru? Yaya za a yi wadda kowa ke yabo ta kasa abin da 'yar araha ke yi?

Tambayar ta fi nauyi a gari irin Malanville. Garin yana bakin kogin Kwara a arewacin Jamhuriyar Benin, yana kallon Gaya ta Nijar a tsallake, kuma kasuwarsa tana cikin mafiya girma a ƙasar. Inda shinkafa da albasa da 'yan tireda suka taru, magana da ƙarfi sana'a ce: mai shela a tasha, mai talla, mai wa'azi, ladan, mai kiɗan biki. Yawancinsu ba da wutar kamfanin lantarki na SBEE suke aiki ba, da batir suke yi, na babur ko na sola ko ɗan batirin litiyam irin na fitila. Wannan batirin shi ne ke yanke hukunci, tun kafin a zo maganar sunan ayisi.

Aikin da ake nema

Makirfo mai maganaɗisu, irin wanda ladan ke riƙewa, wutar da yake haifarwa ba ta taka kara ta karya ba. Idan aka yi magana da ƙarfi kusa da shi, abin da ke fita bai wuce milibolt 2 ko makamancin haka ba, wato kashi biyu cikin dubu na bolt ɗaya. Ita kuwa babbar amfilifaya da ke tura lasifika tana so a miƙa mata kamar sulusin bolt zuwa bolt ɗaya. Dole ke nan a samu matakin farko da zai ninka wannan 'yar wuta sau 100 zuwa sau 500, ba tare da ya sauya mata kama ba. Wannan mataki shi ne abin da muke magana a kansa, kuma a yau kusan kullum da ofam ake gina shi.

Ofam ayisi ce mai hanyar shiga biyu da hanyar fita ɗaya. Tana duba bambancin wutar da ke tsakanin hanyoyin shigar nan biyu, ta ninka shi ninkin da ya wuce hankali, sai mai haɗawa ya yi amfani da resista biyu ya rage ninkin zuwa gwargwadon bukatarsa. Irin waɗanda aka fi samu ofam biyu ne a gida ɗaya, kuma jerin ƙafafunsu iri ɗaya ne: ƙafa ta 8 wuta, ta 4 ƙasa, ta 1 da ta 7 fita, ta 2 da 3 da 5 da 6 shiga. Wannan kamannin ne ke yaudarar ɗan koyo. Tunda LM358 da 4558 da TL072 da NE5532 duk suna shiga rami ɗaya, sai ya ɗauka ɗaya na iya zama madadin ɗaya a ko'ina.

Ba don batir aka haife su ba

Shahararriyar kakarsu, 741, kamfanin Fairchild na Amurka ne ya fitar da ita a 1968. TL072 ta Texas Instruments da NE5532 ta Signetics sun biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Duk an tsara su ne don kayan ɗakin gwaji da na situdiyo, inda ake da wuta mai ɓangare biyu: bolt 15 sama da sifili, bolt 15 ƙasa da sifili, jimilla 30. Injiniyan da ke da bolt 30 a hannu ba ya jin ciwo idan ayisi ta ɓarar da biyu a sama, biyu a ƙasa.

Ka ɗauki muryar a matsayin jirgin fito da ke kai-komo a kogi, gaɓa ɗaya ita ce kan batir, ɗaya gaɓar kuma sifili. Tsofaffin ofam matuƙa ne masu tsoron gaɓa: ba sa yarda su matso kusa da kowace gaɓa da ƙasa da bolt ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan kogi ya cika ya kai faɗin 30, akwai fili har 26 na lilo. Idan ya janye zuwa 12, saura 8, kuma wannan ya wadatar, domin siginar bolt ɗaya tana bukatar filin da bai kai bolt 3 ba daga ƙololuwa zuwa ƙasa. Amma idan faɗin kogin duka 3.7 ne, ka cire biyu nan, ka cire biyu can, babu inda jirgin zai bi. Abin da ya faru da yaronmu ke nan. NE5532 ba ta lalace ba, ba kuma lallai jabu ba ce, wuri ne kawai ba a ba ta ba.

Takardar bayanin kamfani ta faɗi haka ƙarara ga mai dubawa. Texas Instruments ta ba da shawarar kada a ba NE5532 ƙasa da bolt 10 a jimilla, ko da yake takardun wasu kamfanonin sun sauko har 6. NJM4558, wadda masu gyara suka fi sani da JRC4558, tana son 8 zuwa sama. Tsohuwar TL072 ta fi su tsirfa a ɓangaren shiga: idan sigina ta matso kusa da gaɓar ƙasa, fitarta kan juya ta yi tsalle zuwa sama gaba ɗaya, sai ka ji wata irin ƙara mai tsinka kunne.

Ka auna batir a lokacin yunwarsa

Lambar da aka rubuta a jikin batir ba ita ce wutar da yake bayarwa kullum ba. Batirin litiyam 18650 yana farawa daga bolt 4.2 idan ya cika, ya daɗe a wajen 3.7, ya sauka zuwa 3.0 kafin a ce ya ƙare. Batirin mota ko na sola mai lamba 12 yana kaiwa 14.4 lokacin da ake cajinsa, yana zama wajen 12.6 idan ya huta, yana kuma faɗuwa ƙasa da 11 idan aka tatse shi. Ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 yana gangarowa zuwa 7, har 6, alhali mai shi yana ganin da sauran rai.

Saboda haka lamba biyu za ka rubuta kafin ka taɓa kowace ayisi: mafi ƙarancin abin da batir zai sauka, da mafi yawan abin da zai hau. Ta farko za ta nuna maka ko ayisin za ta yi aiki har ƙarshen yinin kasuwa. Ta biyu za ta nuna ko za ta ƙone. Na biyun nan ana yawan mantawa da shi. Sababbin ofam da aka yi don ƙaramar wuta yawancinsu ba sa jure babba. MCP6002 ta kamfanin Microchip tana aiki daga bolt 1.8 zuwa 6, ka haɗa ta da batirin babur sai dai ka shaƙi hayaƙi.

LM358: 'yar gida mai aibi biyu

A cikin tsofaffin, guda ɗaya ce aka yi ta musamman don wuta mai ɓangare ɗaya, ita ce LM358 ta National Semiconductor. Tana tashi daga bolt 3 har 32, tana cin abin da bai kai miliamfa 1 ba, kuma ba ta tsoron gaɓar ƙasa: tana sauka har kusan sifili. Gaɓar sama kawai take bar wa bolt ɗaya da rabi. A kan bolt 5 tana da filin 3.5, a kan 3.7 tana da 2.2, idan batir ya sauka 3.0 saura 1.5. Ƙunci ne, amma ana wucewa. Ga ta da araha, ga ta a cikin kowace matacciyar inbata da tsohuwar caja.

Ga wata dabara da mutane ke tsallakewa. Da yake murya sama da ƙasa take lilo, dole a tsayar da ofam a tsakiyar filinta tun kafin a yi magana. An saba yin haka da resista biyu masu ƙima ɗaya, a raba wutar batir biyu, a ƙara kafasita don kwantar da ita. Amma tsakiyar filin LM358 ba rabin batir ba ne. A kan 3.7, rabi shi ne 1.85, alhali rufinta 2.2 ne, ka ga saura 0.35 kacal a sama. Sai a tsayar da ita wajen 1.1, nan take filin lilo ya ninka sau uku ba tare da an sayi komai ba.

Aibinta na farko shi ne yadda tiransistocin fitarta ke miƙa wa juna aiki. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja, kuma a daidai lokacin musayar akwai ɗan giɓi da babu mai aiki. Kunne yana jin wannan a matsayin kaushi, musamman idan ana magana a hankali. Maganinsa resista guda, kamar kilo-om 2.2 zuwa 4.7, daga ƙafar fita kai tsaye zuwa ƙasa. Wannan yana tilasta wa tiransisto mai turawa ya riƙa aiki ba hutu, musayar ta kau. Aibi na biyu ba shi da magani, shi ne huci.

Hucin da ba ya ɗaukewa

Ka buɗe amfilifaya ka yi shiru, za ka ji "shuuu" a lasifika. Wani ɓangare na wannan daga halitta yake. A 1928 John Johnson da Harry Nyquist na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kowace resista tana haifar da 'yar hayaniya saboda zafin da ke motsa ƙwayoyin lantarkin cikinta. Resista mai kilo-om 1 tana ba da nanobolt 4 a ma'aunin da takardun kamfani ke amfani da shi, mai kilo-om 10 tana ba da wajen 13. Da wannan ma'aunin ake auna hucin ofam: NE5532 tana da 5, 4558 wajen 8, tsohuwar TL072 18, MCP6002 28, LM358 wajen 40.

Don a ga ma'anar lambobin, sai a ninka kowace da 141, abin da ya dace da faɗin jin ɗan Adam na kilohaz 20. LM358 ta ba da mikrobolt 5.6, NE5532 ta ba da 0.7. Ka kwatanta da milibolt 2 na makirfo: a ta farko murya ta fi huci sau 350, a ta biyu sau 2,800. Kuma matakin farko shi ne mai laifi, domin duk hucin da ya shiga nan, matakan da ke gaba ninka shi za su yi tare da muryar, babu mai iya tace shi.

Sai dai a yi adalci. Ninki 350 a tsakiyar kasuwar Malanville, ga babura, ga tireloli, ga injin niƙa, wa zai ji wani huci? Lasifikar ƙaho da ake ɗaurawa a kan hasumiya ko rufin mota ma ba ta fitar da sauti mai kaifi sosai, inda hucin ya fi yawa. A ganina mai talla bai yi asara ba idan aka sa masa LM358 da aka gyara mata zama. Wanda zai cutu shi ne mai naɗar karatun Alƙur'ani ko tafsiri a ɗaki, inda ake tsayawa a ja numfashi, shirun ya fito fili.

Abin lura kuma, idan ka sa resista mai kilo-om 10 a kan hanyar makirfo, ka riga ka zuba huci 13, don haka kuɗin da ka kashe a kan ofam mai 5 ya tafi a banza. Resistocin da ke kewaye da matakin farko su zama ƙanana.

Irin makirfon ma yana da ta cewa. Ɗan ƙaramin nan na cikin waya da rikoda, elektaret, yana da tiransisto a cikinsa, wutar da yake fitarwa ta ninka ta mai maganaɗisu, kuma yana zuwa da nasa hucin, saboda haka MCP6002 ta ishe shi. Idan kuwa faifan fiyezo aka liƙa a jikin gurmi ko molo don a ji shi a filin biki, lissafin ya juye. Fiyezo yana son ƙofar shiga mai tsananin tauri, mega-om ɗaya ko fiye, kuma a nan NE5532 ce ke zama mai hayaniya, domin tana jan 'yar wuta ta ƙafafun shigarta. TL072 da dangin MCP, waɗanda kusan ba sa jan komai, su ne gwanayen wurin.

Sauri

Kowace ofam tana da wata lamba ta megahaz, wadda ake rabawa da ninkin da aka nema don a san iyakar kaifin sautin da za ta iya ɗauka. LM358 da MCP6002 ba su wuce megahaz 1 ba. Ka nemi ninki 200 a mataki ɗaya, iyakar ta faɗo zuwa kilohaz 5, haruffa irin "s" da "sh" da "ts" su dushe. Mafita tana cikin gidan ayisin: ofam biyu ne, sai a raba aikin, ta farko ta ninka sau 20, ta biyu sau 10. Da 4558 da TL072 masu megahaz 3, ko NE5532 mai 10, matsalar ba ta cika tasowa ba.

Masu kaiwa gaɓa da gaɓa

Yaɗuwar wayar hannu da kayan batir ya sa kamfanoni suka ƙera ofam da ke lilo har kusan jikin gaɓa biyun. A takarda za ka ga an rubuta RRIO idan shiga da fita duka haka suke. Bayan MCP6002, wadda ke cin mikroamfa 100 kacal a kowace ofam, akwai yayarta MCP6022: bolt 2.5 zuwa 5.5, megahaz 10, huci ƙasa da 9. Akwai TS922 ta kamfanin ST, daga 2.7 har 12, huci 9, ga ƙarfin tura abin sauraro na kunne. Akwai OPA1662 ta Texas Instruments, wadda ke tashi daga bolt 3 har 36 da huci 3.3, wato ta fi NE5532 shiru a kan batirin fitila, ko da yake ita fitarta ce kawai ke kaiwa gaɓa, kuma 'yar mitsitsiya ce da ake liƙawa a saman allo, sai mai tsayayyen hannu.

Idan za a tambaye ni, ga yadda zan raba su. A kan litiyam guda ko bolt 5 na fawa-bank, MCP6022 ko TS922 don makirfo mai maganaɗisu, MCP6002 don elektaret, LM358 idan babu su. A kan batirin bolt 9, TS922 ko NJM4580, wadda ke aiki tun daga bolt 4. NE5532 tana cin miliamfa 8, batirin 9 mai kyau kuwa bai wuce miliamfa-awa 500 ko makamancin haka ba, ga shi tun kafin ya yi nisa wutarsa ta sauka ƙasa da abin da take so. A kan batirin 12 kuwa, babu dalilin wahalar da kai: NE5532 ko 4558, an gama.

Abin da ke cikin kasuwa

Duk wannan lissafi ne na takarda, sai an samu kayan. Kwatano tana da nisan fiye da kilomita 700 daga Malanville, manyan kasuwannin kayan lantarki kuwa su ne irin Alaba ta Legas da Sabon Gari ta Kano. Da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, jama'a suka koma ƙetarewa da jiragen ruwa, zirga-zirgar kaya ta ƙara tsada da jinkiri. Mai gyara ba zai ce wa ladan ya jira wata guda kafin MCP6022 ta iso ba. Shi ya sa tarin matattun allunan da ke ƙarƙashin teburinsa suke da daraja: tsohuwar na'urar DVD, rediyon mota, da amfilifayar gida, da wuya ka rasa 4558 ko 4580 a kusa da ramukan fitar sauti. Wadda aka ciro daga tsohon kaya sau da yawa ta fi sabuwar leda aminci, domin jabu ya yi yawa.

Jabun da aka fi yi shi ne a goge lambar ayisi mai araha a buga NE5532. Mita tana tona asirin ta hanya biyu. Ta gaske tana da dayod biyu masu kallon juna a tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, don haka a ma'aunin dayod za ka ga wajen 0.6 zuwa 0.7 ko ta wane gefe ka juya wayoyin. Sannan ka ba ta bolt 12 ka auna cinta: idan ka ga ƙasa da miliamfa 1 maimakon wajen 8, LM358 ce ta sa rigar aro. Abin dariyar shi ne, wannan jabun zai yi aiki a kan 3.7 inda ta gasken ta ƙi, har mai shi ya riƙa rantsuwa cewa NE5532 tana tashi da batirin fitila. Haka batiran 18650 da ake rubuta wa miliamfa-awa 9900 a jiki: na ƙwarai ma ba su cika wuce 3500 ba.

Wasu na kauce wa duk wannan ta hanyar sa ɗan allon da ke ɗaga 3.7 zuwa 12, su ci gaba da amfani da tsofaffin ayisi. Yana yi, amma allon yana kunna wuta yana kashewa da tsananin sauri, kuma idan ba a tace ba sai ka ji siririn fito a lasifika. Fawa-bank ma haka take aiki a ciki. Resista mai om 100 a kan layin wutar matakin farko, da kafasita mai mikrofarad 100 zuwa 470 a bayanta, suna rage wannan sosai. Kuma ko wace ofam ka zaɓa, ka liƙa mata 'yar kafasitar nan mai lamba 104 tsakanin ƙafa ta 8 da ta 4, dab da jikinta. "Dit-dit-dit" ɗin da ake ji kafin kiran waya ya shigo kuwa daga tsarin GSM yake, wanda ke aika sigina kashi-kashi sau 217 a daƙiƙa. Gajeren waya mai sulke, akwatin ƙarfe, da 'yar kafasita a bakin shigar makirfo su ne maganinsa, ba canza ayisi ba.

Da wannan muryar ta kai bolt ɗaya, a tsabtace. Amma bolt ɗaya daga ofam ba ya motsa lasifika, sai an ƙara masa ƙarfi, kuma a nan ne batir ke shan wahalar gaske. A babi na gaba za mu duba babbar amfilifaya, daga LM386 da TDA2003 zuwa PAM8403 da TPA3116, mu ga dalilin da ya sa lasifikar masallacin da ke aiki da sola take kiran Azahar garau, amma da Asuba muryar ladan ta riƙa tsagewa.